Idan Kenel Ya Faɗi Wajen Yanka Fakiti: Yadda Ake Bin Sawu a Gyara

Saba tana aiki lafiya ƙalau wata da watanni, rana ɗaya sai ta tsaya cak. A wurarenmu zargin farko a kan wutar lantarki yake sauka, amma da aka tayar da ita aka duba rahoton ƙarshe da ta bari, sai ga layi mai cewa `kernel BUG at net/core/skbuff.c` da lambar layi, a ƙarƙashinsa kuma sunan `skb_segment`. Duk wanda ya daɗe yana kula da injinan Linux masu tura zirga-zirgar intanet, rauta ce ko sabar da ke ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo, ya san wannan suna. Abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya buɗe fayil ɗin, ya je layin, ya cire sharaɗin da ya kashe injin. Kada ka yi haka. Sau da yawa `skb_segment` ba shi da laifi. Fakiti aka miƙo masa wanda bayanin da ke jikinsa ya saɓa da yadda kayan cikinsa ke jere. Aikin da ke gabanka shi ne gano wanda ya ɓata fakitin, da wurin da ya dace a tare shi.

Abin da ake yankawa

Wayar Ethernet ta yau da kullum ba ta ɗaukar fakitin da ya wuce bayit 1500. Cire 20 na kan IPv4 da 20 na kan TCP, saura 1460. In an kunna hatimin lokaci na TCP, saura 1448. Da a ce kenel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da injin, zai bi da kowane ɗan fakiti ɗaya bayan ɗaya ta duk matakan sadarwa, da furosesa ta ƙare a hidimar kawuna. Shi ya sa ake gina babban fakiti, har kusan bayit 65,535, a bi da shi sau ɗaya, sai a bakin fita a yanka shi. In katin sadarwa ya iya yankan da kansa, TSO ke nan. In bai iya ba, kenel ya yanka da manhaja, wannan shi ne GSO, wanda Herbert Xu ya shigar a 2006 cikin Linux 2.6.18. Shi ne kuma ya kawo kishiyarsa, GRO, a 2.6.29, mai haɗe ƙananan fakitocin da suka shigo su zama babba guda. Injin da ke karɓa ta wannan kati yana fitarwa ta wancan yana yin duka biyun: ya haɗe a shiga, ya yanka a fita.

Fakiti a cikin kenel yana zaune ne a wani tsari mai suna `sk_buff`, ana taƙaita shi skb, kuma kayansa na iya kasancewa a wurare uku. Akwai miƙaƙƙen kai, inda kawunan IP da TCP suke, wani lokaci har da kaya. Akwai jerin `frags`, gutsattsarin shafukan memori, waɗanda bisa al'ada ba sa wuce 17. Sai `frag_list`, sarƙar wasu skb ɗin da aka rataya wa na farko. A ƙarshen kan akwai `skb_shared_info`, mai ɗauke da `gso_size`, girman kowane yanki, da `gso_segs`, yawan yankuna, da `gso_type`, nau'in yankan.

Ka ɗauka bandir ne aka kawo wa mai almakashi a Kantin Kwari da takarda a jiki: a yanka yadi biyar-biyar. Shi takardar yake bi. In bandir ɗin ashe guntaye ne aka harhaɗa, kuma wani ya canja lambar da ke takardar a hanya, almakashi zai faɗa inda bai zata ba. Bambancin kawai, kenel in ya ga haka ba ya tsayawa tambaya. Yawanci yankan yana faruwa ne a tsakiyar hidimar katsewa ta sadarwa, inda babu wata manhajar da za a kashe a huta, don haka injin gaba ɗaya ke tafiya.

Kama rahoton, ka tsayar da jinin

Ba abin da za ka iya sai da cikakken rahoton faɗuwar. In injin yana mutuwa kafin ya rubuta a faifai, kunna netconsole ya riƙa aika saƙonnin kenel zuwa wani injin, ko pstore, ko mafi kyau kdump, wanda ke ajiye hoton memori gaba ɗaya a lokacin mutuwa. Hoton allo da waya ya fi babu, amma yakan yanke saman rahoton, nan ne kuwa amfanin yake.

Layin farko yana faɗa maka irin mutuwar. `kernel BUG at` tare da `invalid opcode` a injin x86 yana nufin wani `BUG_ON` ne ya tashi: marubucin kod ɗin ya ce abu kaza ba zai taɓa faruwa ba, ga shi ya faru. Wannan ya fi sauƙi, domin sharaɗin da kansa shaida ne. `NULL pointer dereference` ko `general protection fault` yana nufin an bi manunin da ba ya nuna ko'ina, galibi `frag_list` da aka zaci akwai. Duba kalmar `Tainted` ma. In ka ga harafin O ko P, akwai direban da ba na ainihin bishiyar Linux ba a cikin injin, kuma shi ne farkon wanda za ka tuhuma.

Bi da rahoton ta `scripts/decode_stacktrace.sh` tare da fayil ɗin vmlinux na daidai wannan kenel ɗin, ba na kusa da shi ba, don adireshi su koma sunayen fayil da lambar layi. Sannan ka karanta jerin kiran daga ƙasa zuwa sama. Saman kusan kullum iri ɗaya ne: `validate_xmit_skb`, `skb_mac_gso_segment`, `inet_gso_segment` ko `ipv6_gso_segment`, `tcp_gso_segment`, `skb_segment`. Ƙasan ne ke da labari. In ka ga `napi_gro_receive` ko `ip_forward`, fakitin daga waje ya shigo, GRO ya haɗe shi. In ka ga `tun_get_user` ko `packet_sendmsg`, wata manhaja ce ko kwamfutar kwaikwayo ta ƙera shi da hannunta. In akwai `tcf_classify` ko sunan BPF, ƙananan manhajojin da ake ɗora wa kenel, a tsakiya, wani ya taɓa shi a hanya.

Kafin gyara na gaskiya, injin yana bukatar ya tsaya da ƙafarsa. A nan mutane da yawa ke kuskure: su ga kalmar yanka, su ruga su kashe TSO da `ethtool -K`. Kashe TSO yana ƙwace aikin daga hannun kati ya danƙa wa `skb_segment`, wato ka ƙara wa wurin da ke faɗuwa kaya. Kashe gso ma ba ya hana yanka babban fakitin da ya riga ya samu; dole a yanka shi kafin ya fita. Abin da ke aiki a injin turawa shi ne hana babban fakitin samuwa tun farko: `gro off` a katin shiga, da `lro off`, da `rx-gro-list off` in an kunna shi. Gudu zai ragu, furosesa za ta ɗumama, amma injin zai kwana. Kuma in faɗuwar ta tsaya da ka kashe GRO, ka samu shaida ta farko kyauta.

Sai abu mai arha da ake yawan tsallakewa: duba ko an riga an gyara. Ɗauko bishiyar Linux ta yanzu, ka yi `git log` a kan `net/core/skbuff.c`, `net/ipv4/tcp_offload.c`, `net/ipv4/udp_offload.c` da `include/linux/virtio_net.h`, daga sigar kenel ɗinka zuwa yau. Rautoci da wayoyi da yawa suna tafiya da kenel mai shekaru, kuma ramin da ka faɗa wataƙila an cike shi tun tuni.

Auna fakitin

In ba a gyara ba, sai ka ga fakitin da idonka. Da hoton kdump, buɗe shi da manhajar crash, ka yi `bt`, ka nemo adireshin babban skb. A x86 mai bit 64 yana shigowa ne ta rajistar RDI, amma kafin a kai wurin faɗuwa an daɗe da rubuta wani abu a kanta, don haka sai ka bi `dis -l` ka ga inda aka ajiye shi. Daga nan `struct sk_buff` da adireshin. Bayanan yankan kuma suna adireshin `head` haɗe da `end`. In ba kdump, sa `skb_dump` kafin layin da ke faɗuwa a kenel na gwaji, ko ka ɗana bpftrace a bakin `skb_segment`, amma ka tace, domin injin mai aiki yana kiransa dubbai a daƙiƙa.

Ɗauki biro da takarda. Rubuta `len`, `data_len`, `gso_size`, `gso_type`, `nr_frags`, girman kowane gutsure, sannan ga kowane skb a `frag_list` ka rubuta tsawon kansa da ko `head_frag` ɗinsa 1 ne ko 0. Jimlar gutsattsari da ta sarƙa dole ta yi daidai da `data_len`. In ba ta yi ba, wani direba ne ko wani mai ja da tura kawuna ya ɓata lissafi, kuma `skb_segment` ya fita daga zargi. A kenel na yanzu, `gso_type` mai lamba 3 yana nufin TCP a kan IPv4 haɗe da tutar `SKB_GSO_DODGY`, tutar da ke cewa bayanin yankan daga hannun da ba a amince da shi ba ya fito, ko an canja shi a hanya. Ganin wannan tuta ya rage maka rabin bincike.

Wani tsohon misali ya isa ya nuna yadda saɓanin ke faruwa. GRO ya karɓi fakitoci masu bayit 1448 kowanne. Waɗanda kayansu ke cikin shafukan memori yakan zuba su a `frags`. Waɗanda ba haka ba, ko in gurabe 17 sun cika, sai ya rataya su a `frag_list`, kowanne da iyakarsa daidai da `gso_size`. Sai wata manhajar BPF mai mayar da IPv4 zuwa IPv6 ta kira `bpf_skb_change_proto`. Kan IPv6 bayit 40 ne, ya fi na IPv4 da 20, saboda haka a wancan zamani ana rage `gso_size` ya koma 1428. Yanzu wurin yanka bai dace da iyakar 'yan sarƙar ba, dole a tsaga ɗaya a tsakiya. Yonghong Song ya koya wa `skb_segment` yin haka a 2018, muddin kan ɗan sarƙar a shafin memori yake, domin shafi ana iya raba shi tsakanin fakitoci biyu ba tare da kwafa ba. In kuwa da `kmalloc` aka samo kan, ba ya rabuwa, sai `BUG_ON(!list_skb->head_frag)` ya tashi. A 2019 Shmulik Ladkani ya toshe wannan: in fakiti na da tutar rashin amana kuma ɗan sarƙar farko ba a shafi yake ba, a bar hanyar rabawa, a kwafe kayan. Gyaran ya ɗauka cewa duk 'yan sarƙa iri ɗaya ne da na farko. A 2022 Jiri Benc ya nuna ba haka ba ne: da direban vmxnet3, girman fakiti ne ke sa a samo kansa daga shafi ko daga `kmalloc`, don haka sarƙa ɗaya tana iya gauraya. Sai aka koma duba kowanne. Wannan ba labarin manyan sabobi kaɗai ba ne. Wayar Android da ke aljihunka kenel ɗin Linux ke cikinta, kuma da irin wannan BPF ɗin take fassara tsakanin IPv4 da IPv6 a layin da ke ba da IPv6 zalla.

Wani nau'in kuma lamba ce ke tumbatsa. Lambar 65,535 a `gso_size` tana da ma'ana ta musamman, `GSO_BY_FRAGS`, wadda aka tanada domin SCTP: a yanka bisa 'yan sarƙa, ba bisa awo ba. Amma `skb_segment` wani lokaci yakan ninka girman yanki don ya bar wa kati sauran aikin, kuma 65,535 daidai yake da 3 sau 5 sau 17 sau 257. Girman yanki 257 sau 255 ya faɗa kanta cif. Sai kod ɗin ya zaci SCTP ne, ya nemi tsawon ɗan sarƙar da babu shi. Injin gwajin syzbot ne ya tono wannan, Eric Dumazet ya gyara a Disambar 2023 da layi guda mai hana sakamakon ninkin kaiwa wannan lamba. Ɗan'uwansa da ya fi suna shi ne wanda Jonathan Looney na Netflix ya bayyana a Yunin 2019, CVE-2019-11477: gutsattsari 17 masu bayit 32,768 kowanne, a raba da yankin bayit 8, ya ba da 69,632, ya fi ƙarfin ma'ajin bit 16 da ke ƙirga yankuna. Duk lokacin da ka ga 65,535, ko sifili, ko wata 'yar ƙaramar lamba a `gso_size`, tsaya a nan ka yi lissafi.

Nau'i na uku shi ne haɗewar GRO ta sarƙa zalla da ta shigo a Linux 5.6, wadda `skb_segment_list` ke warwarewa. Ita sharaɗinta tsauri ne: kai yana ɗauke da yanki ɗaya, kowane ɗan sarƙa yanki ɗaya. Da zarar NAT ko BPF ya jawo kaya daga sarƙa zuwa kai, sharaɗin ya karye. Yan Zhai ya gyara wani nau'in wannan a 2023, inda aka jawo sarƙar duka ta zama babu. A 2024 kuma aka sa irin waɗannan fakitoci su koma hannun `skb_segment` na gama-gari.

Sa shi ya faɗi da gangan

Facin da ba ka ga ya hana faɗuwa da idonka ba, zato ne. Harhaɗa kenel da `CONFIG_KASAN` da bayanan bincike, ka tayar da shi cikin QEMU, ba a injin da jama'a ke amfani da shi ba. KASAN yana kama taɓa memorin da ba naka ba tun a karon farko, alhali kenel na yau da kullum yakan wuce, ya je ya mutu a wani wuri da ba ruwansa.

Da `ip netns` ka gina keɓaɓɓun fagage uku, mai aikawa, mai turawa da mai karɓa, ka haɗa su da veth. Kunna GRO a shiga, kashe TSO a fita, wannan karon da gangan, don a tilasta yanka da manhaja. In fakitin daga manhaja ya fito, aikin ya fi sauƙi: buɗe tun da `IFF_VNET_HDR`, ko soket ɗin fakiti da `PACKET_VNET_HDR`, ka rubuta kan virtio mai bayit 10 da lambobin da ka kwafo a takardarka. Wannan sauƙin shi ne kuma abin tsoron, domin a rabe-raben Linux da dama mai amfani na gama-gari yana iya buɗe fagensa ya sami wannan iko. Faɗuwar da aka iya jawowa ta wannan ƙofa matsalar tsaro ce, a bi da ita a haka. In tsarin sarƙar ne ke da wuyar samuwa, gina skb ɗin da hannu cikin ɗan gwaji na kenel, kamar yadda aka yi a `lib/test_bpf.c`. Da gwaji a hannu, in ka san tsohuwar sigar da ba ta faɗuwa, `git bisect` zai kai ka kan sauyin da ya kawo matsalar.

Ina za a sa facin

Wurare uku ne, kuma zaɓen shi ne ainihin gwanintar. In bayanin ƙarya ne daga waje, a tare shi a ƙofa, cikin `virtio_net_hdr_to_skb`, a mayar da `-EINVAL`. Haka aka yi a 2023 da aka hana manhaja sa `gso_size` ya zama 65,535 kai tsaye. Sai dai ƙofa tana da nata haɗarin: a 2024 an tsaurara bincike a wannan wuri har ya riƙa korar fakitoci masu lafiya, sai da aka biyo da wasu gyare-gyaren. Kafin ka ƙi wani fakiti, tabbata ba wata halastacciyar manhaja da ke aiko irinsa.

In wani ne a tsakiya ya karya sharaɗi, direba ko mataimakin BPF, can ne gyaran yake. Maciej Żenczykowski ya bi wannan hanya a 2021 da ya sa `bpf_skb_change_proto` ya daina taɓa `gso_size`. Ni wannan na fi so duk inda ya yiwu, domin ba ya ƙara wa kowane fakiti nauyi.

In kuwa fakitin halas ne, siffarsa ce kawai baƙuwa, to mai yankan ne zai koyi haƙuri. Hanya mafi aminci ita ce ta Ladkani da Benc: a gane siffar tun kafin a fara yanka, a cire `NETIF_F_SG` daga abubuwan da aka yarda da su, a koma kwafa. Kwafa tana da tsada amma ba ta da ruwa da iyakoki. Ka lura sun ɓoye binciken a bayan tutar rashin amana, don kada fakitin kirki ya biya komai. Yi koyi da wannan, ka kuma auna da iperf3 kafin da bayan faci.

Mayar da `BUG_ON` ya zama gargaɗi da zubar da fakiti yana da kyau a matsayin ƙari. Linus Torvalds ya daɗe yana faɗa da kashe inji a kan abin da za a iya tsallakewa. Amma sai ka bi hanyar fita da kyau. Yankunan da aka riga aka gina dole a sake su da `kfree_skb_list`, wanda ke hannu bai shiga jeri ba shi ma kada a manta da shi, kuma kowane shafin da aka ƙara wa lissafin masu riƙo dole a rage masa. In ka yi sake, ka musanya faɗuwar nan take da yoyon memori mai kashe injin bayan mako, wanda ya fi wuyar ganowa. Kunna kmemleak ka bar gwajin yana maimaituwa. Ka kuma yi hattara da lambobin da aka kwafe a farkon aiki. Mohamed Khalfella ya gyara irin wannan a 2023: an ajiye yawan gutsattsari, sannan aka kira `skb_orphan_frags`, wanda ke iya sake jera su, aka ci gaba da aiki da tsohuwar lamba.

Daga nan sai gwaje-gwajen `tools/testing/selftests/net`, musamman na udpgso da na gro, a kan IPv4 da IPv6, da kuma cikin rami irin VXLAN, domin nan kawuna ke ninkuwa. Mayar da naka gwajin ya zama ɗaya daga cikinsu. Bi da facin ta `scripts/checkpatch.pl`, ka nemo masu kula da sashen da `scripts/get_maintainer.pl`, ka nufi bishiyar net, ba net-next ba, tun da gyara ne. A bayanin, sa rahoton faɗuwar da aka fassara, ka faɗi siffar fakitin da lambobi da sharaɗin da ya karye, ka kuma sa layin `Fixes:` da haruffa 12 na farkon lambar sauyin da ya kawo matsalar. Da wannan layi masu kula da tsofaffin sigogi ke sanin har ina za a mayar da gyaran.

In kai ne mai mayarwa zuwa tsohon kenel na kamfani, kada ka ɗauki faci ɗaya ka tafi. Nemi lambarsa cikin `git log --grep` ka ga ko wani ya biyo baya yana gyara shi, sannan ka nemi lambar wancan ma. Wanda ya ɗauko gyaran 2019 ya bar na 2022, injinsa mai vmxnet3 zai ci gaba da mutuwa a kan wannan `BUG_ON` ɗin.